Rumbun Kakanki da Kajin da Suka Juya Baya

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Habsu, Uwani tawa.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sauke ki Yamai lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki. Wannan takarda na tura ta cikin jakarki, ƙarƙashin ƙullin yajin da innarki ta daka miki. Ki yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne, hannuna ya fi sabawa da burushi.

Kin tambaye ni abu ban ba ki amsa ba. Kin ce masu buga littafi sun ba ki aikin farko, littafin yara kan shekarun fari, in ya yi kyau su sake kiranki, in bai yi ba su nemi wani. Kin ce kina son ki sake zana rumbun kakanki yadda na taɓa zana shi, a buɗe, da fuskarshi, da sunanshi a ƙasa. Na yi shiru kika ɗauka fushi ne. Ba fushi ba ne, bakina ne ba ya sauri. Ga amsar nan tafe, amma sai na bi da ke ta hanyar da na biyo.

Wata safiya ce a shekarar fari, zamanin da sojoji ke riƙe da ƙasa, ina saurayi ko gemu ban aje ba. Kamiyon da ya ɗauko mu daga Tasawa ya kafe cikin rairayi a bakin Hawandawaki, muka kwana nan. Da gari ya waye, direba Ɗan Jimo yana ƙarƙashin mota yana tonon yashi yana zagin taya kamar tana ji. Ni kau na hau saman kaya na zauna, don tun ina yaro ban iya zama ba kallo. Daga can sama ina hangen cikin wani gida ta kan darni.

Na ga magidanci ya jingina tsani jikin rumbu, ya tokare jinkar da gwafa, ya shiga da ƙwarya a hannu. Rumbun yana da alama, an kifa tsohon kwanon sha mai launin ruwan ganye a ƙololuwarshi, ga kuma wani gawo mai karkata a bayanshi. Yara na zaune bisa tabarma suna kallon tsanin. Ya jima ciki, sannan ya fito da ƙwaryar rufe da faifai, ya miƙa wa wata budurwa da ke tsaye a ƙasa, ya ɗaga murya ya ce, "Ki ce wa innarku ta dama da kauri yau!"

Ba shi ne ya tsayar mini da ido ba. Kaji ne. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san in aka ɗaga jinkar rumbu, kaji kan sheƙo da gudu, don zangarniya ba ta fita ba ta zubar da tsaba ba. Kajin gidan nan suna can gindin randa suna tonon ƙasa mai laima, sun juya wa rumbun baya, ko ɗaya ba ta ɗaga kai ba. Sai na sake dubawa. Rumbu dami yake bayarwa, ba ƙwarya a rufe ba. Kuma aljihun rigar mutumin da ya hau a kumbure ya sauko a shafe. Nan na gane. Jar dawar taimako ce ya auno, yake shiga da ita a ɓoye ya fito da ita a fili, don yaranshi su ɗauka rumbun gidansu na nan da ranshi.

Wannan magidanci shi ne kakanki, Allah ya jiƙan shi. Ba na kama sunanshi, kin san dalili. Budurwar da ta amshi ƙwaryar ita ce innarki. A ranar ban san ko ɗayansu ba.

Kafin in ci gaba, bari in gaya miki irin mutanen da kika shiga sana'arsu, don abin ya daɗe yana ba ni mamaki. Ɗan maƙeri maƙeri ne, ɗan mahauci mahauci. Amma masu rubuta wa yara tarihi da masu zana shi, ban taɓa ganin wanda ya gada ba, ke ce ta farko. Kowa daga wata sana'a ya faɗo. Mushe Lawali, wanda ya sa ni cikin aikin, mushe kawai ake ce mishi kamar malamin makaranta, amma bai taɓa riƙe aji ba. Mai allurar dabbobi ne. Ya yi shekaru yana bin rijiyoyi daga nan har ƙasar Mayahi, kuma a bakin rijiya in ana jiran shanu su sha, tsofaffi ba su da aiki sai labarin da. Da fari ya kashe shanun, allura ta rasa wanda za ta soka, sai ya zauna yana rubuta abin da ya ji, yana kai wa masu lakwal, wato makarantar boko, da masu yaƙi da jahilci, wanda ya so ya amsa. Ba wanda ya ɗauke shi aikin albashi, kamar ke yanzu. Mai buga mana a keken rubutu, Madam Hajara, ɗiyar maroƙi ce, ta san uwar kowane sarki da garin da aka auro ta. Ni kau mai fentin mota ne a tashar Tasawa, zaki da dabino da jirgin sama a bayan kamiyo.

Abin da na lura, kowannenmu tsohuwar sana'arshi ce ta ba shi ido, kuma ita ce ke kayar da shi. Mushe Lawali ba ya iya ba da labarin yaƙi sai ya faɗi inda dawaki suka sha ruwa. Madam Hajara in ta kama jerin kakanni sai an ƙwace takardar. Ni kuma komai sai na yi shi da ƙarfi, don a gan shi daga nesa mota na gudu. Ke a gilashin na'ura mai ƙwaƙwalwa kika koya, kina kallon zanen mutanen wasu ƙasashe. Ban ce aibi ne ba. Na dai ce ki zauna ki tambayi kanki me wannan ya sa miki a hannu ba ki sani ba. In kuma aka tambaye ki ina kika fito, ki faɗa daidai, har da uban mai fentin mota. Wanda ya san inda kika fito zai san inda zai duba miki kuskure, kuma wannan taimako ne.

Ranar da Mushe Lawali ya fara zuwa wurina, ina kan tsani ina yi wa zaki haƙora. Ya ce, "Kai mai zaki, ka taɓa ganin zaki?" Na ce, "A'a, Mushe." Ya ce, "Na lura. Wannan jaki ne ya yi fushi. Amma mutumin da ka zana a gefe yana tafiya kamar mutum. Sauko mu yi magana."

Aikin ba da fenti ake yi ba. Wata takarda ce mai kaki irin na zuma a jikinta, ana karce ta da bik wanda tawadarshi ta ƙare, a ɗaura a inji mai hannu a yi ta juyawa, zanen ya fito baƙi da fari. In ka yi kuskure sai ka shafe da jan farce. Na sha kunyar sayen jan farce a kasuwa, mai tebur ya yi ta tambayata yaushe ne bikin.

Kuskurena na farko a rijiya ne. Labarin kafa wani gari ne, zamanin kakannin kakanni, na zana mata suna jan ruwa da gugar roba, irin ta tsohon tiyub ɗin mota, don ita na buɗe ido na gani. Muka kai wa wata tsohuwa a Gidan Amumune, wadda ta ba Mushe labarin, ta kanga takardar a rana ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ɗan nan, ashe kakata ta riga Nasara samun mota?" Ta sa aka ciro mata tsohuwar gugar fata daga rufin ɗaki, ta nuna mini yadda ake ɗinke bakinta da karan itace. To, Uwani, sunan sarki kowa zai faɗa miki. Abin da ke hannun mutane, da me suka ja ruwa, da me suka ɗaure zane, wannan sai kin durƙusa gaban tsofaffin mata. Yaro kuma abin hannu yake fara kallo kafin fuska.

Na biyu ya kusa kai ni inda ba na so. A zamanin ba a raba takarda sai wani babba mai kaki ya gani ya yarda. Labarin wani azzalumin mai karɓar haraji ne na zamanin da. Na rasa fuskar da zan ba shi, hannuna ya tafi da kanshi, na yi mishi gashin baki siriri da ƙaton wuya. Sai da muka tsaya gaban teburin babban na ga abin da na yi. Ga fuskar a takarda, ga ta a kan kujera. Walle ban nufa ba, kullum yana wucewa ta tasha ne idona ya haɗiye shi. Ya dubi zanen ya daɗe. Ya ce, "Wannan mugun ya yi kama da wani baffana." Ya buga hatimi. Da muka fito Mushe Lawali ya zauna gindin itacen bedi, ya ce, "Mai zaki, daga yau duk mugu ka yi mishi rawani har hanci." Abin da na koya shi ne hannu yana sata ba ya shawara da mai shi. In kin gama fuska, ki ja baya ki tambaya, ta wa ce wannan? Yanzu ma masu kaki ne ke sama, ban ƙara komai ba a kan haka.

Da na ji wannan darasi tun daga farko, da na uku bai faru ba. Abin da ya kai mu Hawandawaki ran nan, Mushe yana tattara labarin wata yunwa ta zamanin kakanni ne, don yara su san an taɓa shiga an fita. Da muka koma Tasawa ya ce in zana mishi gida a shekarar yunwa. Ban yi dogon tunani ba, abin da na gani da safen nan yana nan a idona ɗanye. Na zana magidanci kan tsani, da yara, da kaji sun juya baya. Na sa kwanon a ƙololuwa, na sa gawo mai karkata, don sun yi mini kyau. Sannan na yi abin da na ɗauka gwaninta ce. A garejin tasha akwai littafin makanikai mai hoton inji an yanke gefenshi ana ganin ciki. Sai na yanke gefen rumbun haka, na nuna cikinshi wayam, sai ƙwarya ɗaya a ƙasa. Mushe ya gani ya ce ban taɓa yin zane kamar wannan ba. Shi ɗan birni ne, ni ma a tasha na girma. Mun san ba a leƙa rumbun mutum, ko matarshi ba ta leƙawa, amma ba mu ɗauki takarda a matsayin leƙe ba.

Littafin ya bazu, ya kai lakwal ɗin da ƙannen innarki ke zuwa. Yara ba su tsaya karanta yunwar kakanni ba. Kwanon suka gani.

Wata ranar kasuwar Tasawa ina haɗa fenti, na ji sallama a kaina. Na ɗaga ido na ga magidancin nan da na zana kan tsani, da littafin a naɗe a hannu. Na miƙe, gwangwani ya kife. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Samari, kai ne mai zanen nan?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce mu koma inuwa. Muka zauna, ya buɗe shafin ya shimfiɗa bisa gwiwa, ya ce, "Abu guda ya kawo ni. Wa ya nuna maka ciki? In cikin gidana ne, ina son in sani."

Na ce, "Ba kowa, Baba. Kaji ne."

Ya ce, "Kaji?"

Na gaya mishi yadda na gani daga saman mota. Ya dubi kajin da ke takardar, ya daɗe, har na ga gefen bakinshi ya motsa. Ya ce, "Ka ga 'yan banza. Na yi dabarar mutane na mance da su." Na ɗauka an wuce wurin. Sai ya naɗe littafin ya ce, "Maƙwabta ba su dame ni ba, kowa nashi rumbun haka yake, mun dai yi shiru ne tare. Amma ƙaramar ɗiyata, tun ranar da ta ga wannan, in an ba ta fura sai ta sha rabi ta ture, ta ce ta ƙoshi. Da har kuka take a ƙara mata. Wannan kukan nake hawa tsani don in ji." Ya tashi, ya kakkaɓe riga, ya ce, "Hannunka na da kyau. Allah ya ba ka hankalin da zai riƙe shi."

Ƙaramar ɗiyar nan ita ce Inna Rabi taki, wadda yau ba ta barin kowa ya tashi daga akushi.

Na bi shi har gida da wani dattijo na ba da haƙuri. Na sake komawa, na kuma komawa, har aka daina tambayar me ya kawo ni. Da Allah ya kawo damina mai albarka, ni na taya shi ɗaga jinkar aka zuba damma, kaji suka kusa kayar da tsanin. Sauran labarin ke ce shaidarshi.

To ga inda na tsaya shekaru: zanen gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗigo, kuma ya cuci yarinya. Kullum ina juya wannan. Yara na da hakkin su san abin da ya faru, in ba haka ba me ya sa muke aikin? Amma tarihin da za ki zana ba na mutanen da suka shuɗe ba ne kaɗai, jikokinsu na zaune a aji, wasu ma su da kansu suna da rai. Da kika tambaye ni, na ga ba ni da ikon cewa i ko a'a. Ni leƙe na yi. Masu rumbu su ne masu magana.

Shi ya sa jiya da hantsi na samu innarki tana sheƙar hatsi a tsakar gida, na gaya mata abin da kike so. Ba ta tsaya ba, ta ce, "Ta zana mana. Ai ba abin kunya ya yi ba." Na ce, "A buɗe?" Sai ta aje ƙwaryar. Ta ce, "Malam, kai da ake cewa idonka ba ya barin komai, me ka ga na yi ran nan da Baba ya miƙo mini ƙwarya?"

Na ce, "Kin amsa kin wuce."

Ta ce, "Haka ka gani?" Ta ɗauki ƙwaryar da ba komai ciki, ta ɗaga hannu sama kamar mai amsa daga tsani, sai ta lanƙwasa gwiwa, ta ɗan yi nishi, ta tallabe ta da hannu biyu ta yi taku a hankali kamar mai tsoron zubarwa. Ta ce, "Kullum haka nake yi, don yara su ga nauyi, shi ma Baba ya ɗauka ban sani ba. Abin da ke ciki ko tiya bai cika ba. Kai kana can kana kallon kaji."

Uwani, na zauna bisa turmi. Shekara da shekaru ina ba da labarin safiyar nan ina taƙama da kaji, ashe babban abin ya wuce ta gaban idona ban gani ba. Kuma kakanki ya koma ga Allah bai sani ba, ita ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai jiya.

Ga amsarki, daga bakinta, ni ɗan aike ne. Ki zana. Ki bar rumbun a rufe yadda mai shi ya bar shi. Ki cire kwanon da gawon, kada ki sa suna. Ki sa mutumin kan tsani, ki sa yara bisa tabarma, ki sa kaji sun juya baya, ki sa budurwa ta lanƙwasa gwiwa ƙarƙashin ƙwarya marar nauyi. Yaro mai lura zai tambayi mushensu me ya sa kajin ba su zo ba, daga nan sai a gaya mishi, da baki, a hankali, yana kusa da babba. In masu buga littafi suka ce sai an yanke gefe don a gane, ki gaya musu an taɓa yankewa, ki ba su labarin Inna Rabi da furarta. In suka nace, ki ba su wani zanen, wannan ki riƙe. Na san aikin farko ne kuma kina tsoron ya kuɓuce. Ina ganin ba zai kuɓuce ba, amma ko da zai, innarki ta ba ki abin da ta ɓoye tun tana budurwa, ki riƙe shi yadda ta riƙe ƙwaryar.

Kuma kafin ki kai musu, ki turo wa Inna Rabi ta gani a waya. Ita ce ta sha rabin fura.

Allah ya tsare ki fita da shiga, ya tsare idonki da hannunki, ya sa ki gama da duniya lafiya. Ki riƙe salla, ki ci abinci, kada ki zauna gaban gilashi har wuyanki ya ƙage. Innarki na gaishe ki, ƙannenki na gaishe ki, sun ce kada ki zana su da manyan kunnuwa. Allah ya maido mana ke lafiya. Amin.

In kina son ki bincika abin da na faɗa, kuma ya kamata mai aikin tarihi ya bincika ko maganar ubanshi ce, ba ni kaɗai na ga safiyar nan ba. Mushe Lawali na tsaye gefen mota yana shan shayi, shi ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya gafarta mishi. Ɗan Jimo direba yana nan Gidan Amumune, ya tsufa, 'ya'yanshi na kabu-kabu, zai tuna kafewar mota ko bai tuna rumbu ba. Inna Rabi na bisa tabarma. Sai innarki, wadda ke ƙasan tsani. Ita za ki fara tambaya, ta fi mu gani duka.

Ni ne babanki,
Sani mai fenti, Tasawa.